Yis ɗina ya ƙi tara mai: ina na kuskure?

Sadiya U.:
Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa na wannan zaure. Kuka na kawo. Wata na uku ke nan ina kiwon wani yis mai suna Rhodotorula toruloides a kan ɗanyen gilisarin, irin wanda ke saura a masana'antar bayodizal (dizal ɗin da ake yi daga man tsiro ko kitse), mai duhu da kauri da ƙarnin sabulu. Manufar aikin ita ce yis ɗin ya cinye wannan shara ya tara mai a cikinsa, mu tatse man mu mayar da shi bayodizal. Girma kam ba a magana, kwana biyu kacal kwalbar ta rine ta koma ja-ja. Amma da na busar da shi na cire man, abin da na samu bai haura kashi 12 cikin ɗari na busasshen nauyinsa ba, alhali a takardun da nake karantawa wannan yis ɗin yana wuce kashi 60. Na sa masa rinin Nile red na leƙa ta madubin ƙara girma, ɗigon man 'yan mitsi-mitsi ne, sai an ƙura ido ake ganinsu. Sau huɗu ina maimaitawa. Kaina ya ɗaure.

Dakta Lawal:
Wa alaikumus salam. Kafin mu ɗora wa yis laifi, faɗa mana me kike zuba masa a kowace lita.

Sadiya U.:
Malam, gilisarin giram 30, fefton giram 20, tatsattsen yis giram 10. Zafi digiri 28, na'ura tana girgiza shi dare da rana.

Dakta Lawal:
To ai ga ɓarawon nan a hannunki. Kin shagwaɓa shi ne. Fefton da tatsattsen yis ɗin nan maƙare suke da naitirojin, kuma muddin yis yana samun naitirojin, haihuwa zai yi ta yi, ya gina furotin, ya yi toho, ya ƙara yawa. Sai ranar da naitirojin ya ƙare alhali abinci mai kabon yana nan jingim, sannan haihuwa ta tsaya, bakin kuma bai daina ci ba. To ina zai kai abin da yake ci? Sai ya mayar da shi kitse ya ajiye.

A cikin ƙwayar, abin da ke faruwa shi ne: ƙarewar naitirojin tana sa ƙwayar ta farfasa wani sinadari na cikinta mai suna AMP don ta tsamo ɗan naitirojin da ke jikinsa. Da AMP ya yi ƙasa, sai wani enzayim da ke sarrafa sitiret a cikin maitokondiriya, wato injin samar da ƙarfi na ƙwayar, ya yi sanyi, sitiret ya taru ya fito waje. A can wajen akwai wani enzayim, ATP-citrate lyase, da ke datsa shi ya fitar da tubalin da ake gina kitse da shi. Colin Ratledge na Jami'ar Hull a Ingila ya shafe shekaru yana bin diddigin wannan hanya.

Ki yi lissafin kabon da naitirojin a haɗinki, za ki ga kabon ko ninki goma bai kai ba. Ki kai shi tsakanin 60 da 100. Ki bar shi ya girma kwana ɗaya ko biyu a abinci mai kyau, sannan ki mayar da shi inda gilisarin ya yi yawa naitirojin ya yi ƙaranci, ki ba shi kwana biyar zuwa bakwai.

Sadiya U.:
Innalillahi. Ni da nake ƙara masa fefton don ina ganin kamar yunwa ce ta hana shi. Na gode Malam.

Alhaji Mai Tirela:
Ku yi mini afuwa, ni ba ɗan boko ba ne sosai, amma maganar man dizal ta shafe ni. Wannan yis ɗin, shi ne wanda ake kumbura burodi da shi?

Dakta Lawal:
A'a Alhaji, dangi ne dai amma hali ya bambanta. Na burodi sunansa Saccharomyces cerevisiae, shi idan ya ga sukari ya yi yawa barasa yake mayar da shi da iska, man da ke jikinsa kaɗan ne. Waɗanda ake kira masu mai su ne waɗanda ke iya tara sama da kashi 20 cikin ɗari na busasshen nauyinsu, wasu har kashi 70. Sanannu a cikinsu akwai Yarrowia lipolytica, Lipomyces starkeyi, Cutaneotrichosporon oleaginosus, da wannan jan na Sadiya. Man nasu ya yi kama da man ja sosai, don mafi yawansa asid ɗin oleik ne da falmitik, sai ɗan sitiyarik da linoleik. Shi ya sa yake karɓar aikin bayodizal ba gardama.

Nura Tech:
Wallahi wannan shi ne makomar duniya. Ku duba fa: ba gona, ba jiran damina, ba sare daji don shuka kwakwar manja. Ita kwakwar sai ta yi shekara uku ko huɗu kafin ta fara ba da 'ya'ya, yis kuwa mako guda ya gama. Ga shi kuma abincinsa shara ce, kyauta. Masana'antar bayodizal ta fitar da gilisarin, yis ya ci ya ba da mai, man ya koma masana'antar, ta sake fitar da gilisarin. Zobe ne da ba ya yankewa. Ni abin da ke ba ni mamaki shi ne me ya sa har yau ba a cika duniya da irin waɗannan tankuna ba.

Injiniya Bashir:
Ƙanena Nura, ɗauko biro mu zagaya zoben nan naka.

Idan aka haɗa mai da metanol aka yi bayodizal kilo 100, gilisarin da ke fita kusan kilo 10 ne. Yis kuma, ko da ya yi iya ƙoƙarinsa, iyakar da lissafin sinadarai ya yarje masa ita ce kusan giram 0.3 na mai daga kowane giram na abinci. A aikace abin da ake samu ya fi kusa da 0.2, saboda dole ya gina jikinsa, ya yi numfashi. To kilo 10 sau 0.2 nawa ke nan? Kilo 2. Ka fara da 100, ka dawo da 2. Zagaye na gaba kuma kilo 2 ɗin nan zai ba ka gilisarin giram 200. Wannan ba zobe ba ne, wutsiyar ɓera ce.

Haka lissafin yake ga sukari: tan biyar na sukari kafin ka ga tan ɗaya na mai. Idan sukarin saye za ka yi, ka riga ka faɗi tun kafin ka kunna inji.

Nura Tech:
Ai shi ya sa na ce shara, Injiniya. Ba gilisarin kaɗai ba. Ga molasis na masana'antar sukari, ga ruwan cuku, ga tuƙar rake, ga ruwan masana'antar takarda. Duk zubarwa ake yi.

Injiniya Bashir:
Banza ba ta kai zomo kasuwa. Molasis kusan rabinsa sukari ne, kuma saboda haka ne ma ba shara ba ne: masu yin etanol suna so, masu yin yis ɗin burodi suna so, masu abincin dabbobi suna so. Duk sharar da ke da daɗi tana da mai ita. Wadda ba ta da mai ita kuwa, ka bincika, ruwa ne tsululu.

Ɗauki ruwan cuku. Kowane kilo na cuku yana barin kusan lita tara, don haka yawa kam akwai. Amma sukarin madarar da ke ciki bai wuce kashi 5 cikin ɗari ba. Lita dubu za ta ba ka kilo 50 na sukari idan an yi sa'a, yis ya mayar da shi mai kilo 10. Wato ka dafa tan guda na ruwa don kashe bakteriya, ka sanyaya shi, ka motsa shi, ka hura masa iska kwana biyar, duk don kilo 10.

Iskar nan ita ce ciwon da 'yan ɗakin gwaji ba sa ji a jikinsu. Na yi shekaru a kan tankunan kiwo a wata masana'anta, ba na mai ba, amma ƙa'idar ɗaya ce. Tanki mai buƙatar oksijin yana shan lantarki kamar ba gobe: kwamfiresa na hura iska, mota na juya farfela, ga zafin da ƙwayoyin ke fitarwa dole a janye shi da ruwan sanyi. Ranar da kumfa ya taso mana da dare ya bi bututun iska ya jiƙa filta, kafin asuba bakteriya sun mamaye tankin, warin ya canza, muka zubar da komai. Kwana uku muna wanki. Mai yin etanol ba ya wannan wahala, yis ɗinsa ba ya son iska, a rufe tanki a bar shi.

Kuma ga wani abu: daga kilo ɗaya na sukari ana samun etanol kusan giram 460, ko mai kusan giram 220. Ko da yake mai ya fi etanol ƙarfi a kowane kilo, idan ka ninka za ka tarar etanol ɗin ya fi riƙe ƙarfin sukarin.

Malama Rabi:
Injiniya, lissafinka ban ga inda zan soke shi ba, amma ka tsaya a ƙofa ɗaya. Ni aikina tace ruwan dattin masana'anta ne kafin a sake shi. Iskar da kake kuka da ita, mu kullum muna hura ta, muna biyan kuɗin wutar, kuma abin da muke samu a ƙarshe laka ce ta bakteriya wadda sai mun sake biya a kwashe. Idan a maimakon lakar za a sami yis mai mai a ciki, to ba daga sifiri ake fara lissafi ba, daga asarar da ake yi yau ake farawa. Wanda ke kallon abin a matsayin masana'antar mai zai ce kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Wanda ke kallonsa a matsayin wurin tace datti da ke ba da ɗan rara, zai ga wani abu dabam.

Injiniya Bashir:
Na karɓi rabi, Malama Rabi. Amma abokin gasarki a nan biyogas ne. Shi ba ya son iska ko kaɗan, ba ya son a dafa ruwa, kuma gas ɗin da kansa yake tasowa sama ya rabu da ruwan. Ga datti mai ruwa-ruwa, da wuya a ture shi.

Malama Rabi:
Gaskiya ne, kuma ni ma ina da nawa ƙorafin a kan yis ɗin. Ruwanmu ba ya zama iri ɗaya. Litinin ya zo da ƙarfi, Laraba an wanke injuna ya zo da soda da sabulu, wata rana gishiri ya yi yawa. Sau da yawa kuma naitirojin ne cike a ciki, abin da Dakta ya ce shi ke hana tara mai. Bakteriya suna ninka kansu cikin minti ashirin ko talatin, yis sai ya yi awanni. A buɗaɗɗen tanki wa zai ci wa?

Dakta Lawal:
Akwai dabarun da ake gwadawa. Yis yana jure tsami fiye da yawancin bakteriya, don haka idan aka sauke ma'aunin pH ƙasa sosai, wato aka ƙara wa ruwan tsami, yakan sami sarari. A Jami'ar Bath an yi aiki a kan Metschnikowia pulcherrima saboda wannan dalili, yana rayuwa a ruwa mai tsami ba tare da an dafa komai ba, kuma yana fitar da abin da ke danne abokan hamayya. Idan kuma naitirojin ya yi yawa, ana iya rage masa fosfat a maimakonsa, Rhodotorula yakan tara mai ta wannan hanya ma.

Sannan a lura, kowane yis da abin da bakinsa ke karɓa. Yarrowia na asali yana son gilisarin da maiƙo, amma ba ya cin sukarin madara, kuma idan aka yi sakaci sai ya ɓige da zubar da asid ɗin sitirik a ruwa maimakon tara mai. Cutaneotrichosporon shi ne gwanin ruwan cuku. Lipomyces yana narkar da sitaci da kansa. Tuƙar rake da karan hatsi kuwa sai an dafa su da asid ko tururi kafin sukarin ya fito, kuma dahuwar tana haifar da guba irin su furfural da asid ɗin asetik masu kassara yis.

Nura Tech:
To amma ai kimiyya tana ci gaba. Na karanta cewa a MIT ta Amurka an gyara ƙwayoyin gadon Yarrowia har ya ba da mai kusan giram 100 a lita ɗaya.

Injiniya Bashir:
An yi, a ɗakin gwajin Gregory Stephanopoulos. Ka koma ka duba me suka ba shi ya ci. Tsantsar gulukos.

Dakta Lawal:
Bari in ɗan ja ku baya, don wannan muhawarar ta girme mu duka. A yaƙin duniya na farko, da aka toshe wa Jamus hanyoyin shigo da kaya kitse ya yi wuya, Paul Lindner a Balin ya yi ta kiwon Endomyces vernalis don a sami maiƙo. Da yaƙi ya wuce, maganar ta kwanta. A shekarun 1980 a Niyuzilan an kai ga kiwon yis a kan ruwan cuku don yin madadin man koko, fasahar ta yi aiki, sai farashin man koko ya faɗi, aka naɗe tabarma. Kamfanin Neste Oil ya buɗe masana'antar gwaji ta man ƙwayoyin halitta daga shara a Porvoo ta ƙasar Finlan a 2012, a 2014 ya dakatar da shirin. Solazyme a Amurka, da ke kiwon gansakuka a tanki da sukari, har ya sayar wa sojin ruwan Amurka mai, daga baya ya juya ga abinci da kayan kwalliya, ya canza suna zuwa TerraVia a 2016, ya karye a 2017.

Waɗanda suka tsaya da ƙafarsu su ne masu yin mai mai tsada: asid ɗin arakidonik daga Mortierella alpina da ake sa wa a madarar jarirai, da DHA, wani maiƙo na omega-3. Yanzu kuma ga masu neman madadin man ja don man shafawa, irin su C16 Biosciences. Mai ƙonewa a inji shi ne mafi arha a cikin duk abin da za a yi da wannan mai, shi ya sa shi ne mafi wuyar ci.

Sadiya U.:
Malam, kana nufin aikina ɓata lokaci ne? Gwiwata ta fara sanyi.

Dakta Lawal:
Haba, wa ya ce? Ki sauya tambayar da kike yi kawai. Ko yis zai iya, an amsa wannan tun kafin a haife mu. Abin da ke da sauran rina a kaba shi ne wace shara, a wane hali, da wace hanyar fitar da man mafi sauƙi. Kuma kina riƙe da jan yis, jan nan karotin ne da danginsa, kaya masu daraja. Ki auna su ma. Abin da ya saura bayan an cire mai furotin ne da dabba za ta iya ci, idan sharar ba ta da guba.

Injiniya Bashir:
Fitar da man ma wani dutse ne. Man yana cikin ƙwaya, ƙwayar tana da bango mai tauri, kuma tana iyo a ruwa. A tace, a busar, a fasa bango, a wanke da hekzen mai narkar da maiƙo, a dafe hekzen ɗin a dawo da shi. A ɗakin gwaji kuna amfani da kulorofom da metanol, hanyar Folch ta 1957 ko ta Bligh da Dyer ta 1959, ba wanda zai yi wannan a kan tan dubu. Busarwar kaɗai tana iya cinye kaso mai tsoka na ƙarfin da ke cikin man.

Alhaji Mai Tirela:
Ni dai tambayata ɗaya. Idan an gama duk wannan, in zuba a mota ta tashi? Ba zai kashe mini famfo da nozul ba?

Injiniya Bashir:
Za ta tashi, Alhaji. Inji bai san daga ina man ya fito ba, ingancinsa kawai ya sani. Akwai ma'auni biyu da aka fi bi, EN 14214 na Turai da ASTM D6751 na Amurka. Na Turai yana son lambar sitan, wato ma'aunin saurin kamawar mai da wuta a inji, ta kai 51, na Amurka 47, kuma man yis yakan haye wannan cikin sauƙi. Abin lura uku ne: ƙarfinsa a lita ya gaza na dizal da kusan kashi 8 zuwa 10, yana saurin daskarewa a ƙasashe masu tsananin sanyi saboda falmitik ɗin da ke ciki, kuma yana wanke tsohon dattin tanki ya tura shi filta, don haka a farko za ka yi ta canjin filta. Tsofaffin tiyo na roba ma yakan ci su. Shi ya sa ake gauraya shi da dizal na yau da kullum. Indunusiya ta kai kashi 30 a 2020, kashi 35 a 2023, amma da man ja, ba na yis ba.

Alhaji Mai Tirela:
To madalla. Idan ya iso ku sanar da ni, in ina raye.

Sadiya U.:
Salam, na dawo bayan mako uku. Na bi shawarar Malam. Na kuma wanke gilisarin ɗin tukuna: na ɗiga masa asid, ya rabu gida uku a cikin mazurarin gilashi, maiƙo a sama, gilisarin a tsakiya, gishiri ya kwanta a ƙasa, na ɗumama shi metanol ya fita. A kwana na shida da na leƙa madubi sai da na kira abokiyar aikina ta zo ta gani. Kowace ƙwaya ta kumbura, ɗigo biyu ko uku manya suna ƙyalli sun kusa cika ta. Awo ya ba ni kashi 41.

Amma ga sabuwa. Na haɗa man da metanol da soda a digiri 60, maimakon ya rabu biyu, sai ya zama wani farin abu mai kauri, ya kwana bai rabu ba.

Nura Tech:
Kashi 41! Injiniya ka gani ko?

Dakta Lawal:
Barka, 'yata. Farin abin nan sabulu kika yi. Man naki yana da sakakken asid mai yawa, ko kuma da sauran ruwa a ciki, soda kuwa da ta gamu da su sabulu take yi. Yaya kika busar da yis ɗin?

Sadiya U.:
Na tace shi ranar Alhamis, ya kwana biyu a kan benci kafin na sami wuri a oben.

Dakta Lawal:
Shi ke nan. Yis ɗin yana da rai a kwana biyun nan, ya ga abinci ya yanke, sai ya koma cin ajiyarsa, enzayim ɗinsa na farfasa man. Da kin tace, ki ba shi zafi nan take ya mutu. Ki wanke ƙwayoyin sau biyu kuma kafin awo, don maiƙon da ya zo da gilisarin yakan manne a bayansu ya ƙara miki lamba ta ƙarya. Man da ke hannunki yanzu, ki auna asid ɗinsa. Idan ya haura kashi 1 ko 2, ki fara da metanol da ɗan asid ɗin salfurik, sannan soda ta biyo baya. Metanol ɗin nan kuma a ƙarƙashin na'urar zuƙe iska, da safar hannu da tabarau, yana makantarwa.

Injiniya Bashir:
Na taya ki murna, ƙanwata, 41 ba wasa ba ne. Alfarma ɗaya nake nema. A zagaye na gaba ki sa mita a jikin na'urar girgizawa da oben, ki rubuta wutar da suka sha daga ranar farko zuwa ranar da man ya fito, ki kuma auna gilisarin nawa ya rage a ruwan. Ki kawo mana lambobin nan tare da giram ɗin man.

Sadiya U.:
In sha Allahu, Injiniya. Mitar ɗaya ce a sashenmu kuma wani yana amfani da ita, sai Litinin za ta dawo. Malama Rabi, ko zan sami lita biyar na ruwan nan naku, na ranar da ba a wanke injuna ba?

Malama Rabi:
Ki turo jarka mai murfi. Zan ɗebar miki na Litinin da na Laraba, ki gwada duka biyun.